Kaskon Maman Yara

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma Babbar Sallar da zan ba ku labarinta ba ta cikinsu. Ko tsufa ya kwashe mini komai, ina jin ita za ta rage. Shekarar ba ta da wuyar ganewa ga mutumin Garuwa. Ita ce shekarar da aka kawo gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka garinmu, aka gyara tituna, aka kafa fitilu, baƙi suka cika gari har 'yan moto, wato 'yan acaɓa, suka riƙa yi mana yanga. Baƙin ba su daɗe da watsewa ba azumi ya kama, cikin zafin nan namu da ke sa kwalta ta yi laushi. A cikin wannan azumin ne matata ta faɗi.

Ni tela ne. Ban yi boko da ƙuruciya ba, sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya na yamma, shi ya sa yau nake iya rubuta wannan da hannuna. Duk wanda ya zauna da tela ya san ba shi da Sallah. Tun ana saura makonni kanka yana kan keke, masu kaya suna zuwa suna yi maka faɗa, ranar idi ma mutane suna wucewa da dardumarsu kai kana ɗaura maɓalli. In na dawo daga idi sai in yanka rago, in feɗe, in rataye, in shige ɗaki in yi barcin da na daɗe ban yi ba. Washegari kuma in koma shago in ba waɗanda ban gama wa ɗinki ba haƙuri. Shekara da shekaru, iyakar abin da na sani game da washegarin Babbar Sallah a gidana shi ne in na dawo da yamma zan tarar da toka a tsakar gida, ƙamshin suya ya kama ko'ina, da kwanon nama a rufe a ɗakina.

Ashe babban abu ake yi a bayana. Matata, Maman yara, tana da wani kasko na ƙarfe da ta gada wajen mahaifiyarta, ƙato, mai zobe biyu a gefe, mace ɗaya ba ta iya ɗaga shi. Washegarin Sallah, bayan nama ya kwana a rataye ya tsane, matan layinmu kaf suke kawo nasu a soya a cikinsa, ƙarƙashin rumfar kwano da ke tsakar gidanmu. Hausawa da Fulani, har da wata maƙwabciyarmu Kirista 'yar wajen Poli, wadda ba ta layya amma ba a fara suya sai ta zo. Dalili kuwa, suyar Maman yara ba ta lalacewa. Naman da ta soya da kitsensa yakan kai har cika-ciki bai canza wari ba. Na san ana yabonta, amma yabon yana shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan.

Ranar da ta faɗi tana dama kunun buɗa-baki ne. Ludayin ya suɓuce daga hannunta, ta sunkuya za ta ɗauka, sai ta tafi gaba ɗaya. Da aka kira ni daga shago na tarar bakinta ya karkace, tana kallona tana son magana, maganar ta ƙi fita. A asibiti dokta ya ce tansiyo ne, wato hawan jini, ya taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ƙaramar Sallah a kan bencin barandar asibiti ta same ni. Ina jin kabbarar masu tafiya idi daga nesa, ni kuwa ba abin da nake roƙo sai ta buɗe ido ta gane ni. Yadukan mutane na mayar musu ba ɗinki. Kekuna biyu nake da su, na sayar da ɗaya.

Allah ya ji roƙonmu, aka sallame ta. Yayarta, wadda dukanmu muke kira Adda, ta baro gidanta a Domayo can Marwa ta zo jinya. Allah ya saka wa matar nan da Aljanna. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta, ita ke ba ta abinci a baki. Amma mace ce mai kafa doka, kuma ba a tsallake dokarta. Ba hayaniya, ba hayaƙi, ba gishiri, mai dubiya ya gaisa ya fita. Ni kaina in na yi tari da ƙarfi sai ta harare ni.

Akwai kuma wata mata mai aikin motsa jiki, wadda ake kira kine, tana zuwa gida tana lanƙwasa mata hannu da ƙafa. Ita ta sa na ɗaura doguwar gora a jikin bango, daga bakin gado zuwa ƙofa, don Maman yara ta riƙa dafawa tana koyon tsayuwa. Da farko ta yi ƙoƙari. Magana ta fara dawowa, da nauyi, kalma ɗaya-ɗaya. Sai kuma a hankali ta saki. In kine ta zo sai ta rufe ido ta ce ta gaji. Wata rana matar ta ja ni zaure, ta ce da ni cikin Hausarta mai haɗe da Fulatanci, "Baaba, ƙafar nan tana da rai. Amma in ta ci gaba da kwanciya watannin nan za ta sandare, kuma daga nan ba ni da abin yi. Zan iya lanƙwasa mata ƙafa, ba zan iya so mata tashi ba."

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Na lallashe ta, na yi mata wa'azin haƙuri, na kawo malami ya yi addu'a, na ce ta dubi yaranmu. Duk abin da na faɗa sai ta ce, "To," ta juya fuska bango. Na zauna da matar nan tun muna yara, ban taɓa jin tsoron wata kalma tata kamar wannan "to" ɗin ba.

Haka Babbar Sallah ta matso, damina ta zauna sosai. A shekarar ba mu da halin rago, kuma ni abin da ya dame ni ke nan. Na ɗauka shi zai fi ɓata mata rai. Na daɗe ina juya maganar kafin na faɗa mata, sai ta ce, "Allah ya kai mu wata," ko a jikinta. Masu ɗinki kuma yawancinsu sun koma wajen wasu, don haka na samu lokacin da ban taɓa samu ba. Matar tela ita ce ta ƙarshe a layin ɗinki, nata kayan sai bayan Sallah. A wannan karon na fara da nata. Na yi mata doguwar riga mai faɗin hannu, yadda za a sa mata ba tare da an murɗa hannun da ya shanye ba. Ta shafa yadin, ta ce ya yi kyau, ta ce a sa a akwati.

Muna da wata tsohuwa da katangarmu ɗaya da ita, Bafulatana, mijinta ya daɗe da rasuwa, kowa a layin Goggo yake ce mata. Ita da Adda suka zauna suka yanke shawara cewa bana a gidan Goggo za a yi suya, don kada a dami marar lafiya. Da Adda ta gaya mini na ce hakan ya yi daidai. Ba wanda ya yi da mugun nufi. Tausayi ne tsantsa. Sai dai ba wanda ya tambayi mai kaskon.

Ranar Sallah muka yi idi cikin yayyafi. Kafin azahar kwanoni sun fara shigowa, wannan hanta, wancan tumbi da miya, har abin ya fi na shekarun da muke yankawa. Mata suka riƙa zuwa gaisuwa cikin ado. Ina zaune a tsakar gida ina kallonsu: za su shigo suna dariya, da sun iso ƙofar ɗakinta sai su tuɓe dariyar tare da takalmansu. Su durƙusa, su sauke murya. "Sannu. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Su fita a hankali. A lokacin ban lura ba, sai daga baya na tuna cewa a cikinsu babu wadda ta ce mata barka da Sallah.

Bayan la'asar ta kira ni.

"Malam."

"Na'am, ga ni."

Ta daɗe tana haɗa maganar. "Na mutu ne?"

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan ranar Sallah?"

"To me ya sa kowa yake yi mini raɗa?"

Na ce dokar dokta suke bi, na gyara mata matashi, na fita.

Washegari da hantsi mata biyu suka zo ɗaukar kasko. Adda ta riga ta gargaɗe su su yi a hankali, har tsumma ta naɗa wa zoben. Suna fita tsumman ya zame, zobe ya bugi ƙofar zaure. Ƙara ɗaya ce, ba ma mai ƙarfi ba. Ina riƙe da kofin koko zan ba ta, sai na ga ta buɗe ido.

"Ina za a kai shi?"

Na yi niyyar in ce wani abu ne ya faɗi, amma idonta bai bar ni ba. Na ce, "Gidan Goggo. Sun ce bana su hutar da ke."

Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, ba ta ma ji shi ba balle ta share. Na miƙa kofin, ta kau da kai. Can ta ce, "Rufe ƙofar."

Na rufe, na fito na zauna a kan turmi. Ba a jima ba hayaƙi ya fara tasowa ta bayan katanga, sai ƙarar sara nama, sai dariyar mata. Gabana kuma ga rumfarmu fayau, duwatsun murhu uku a zaune ba wuta. A nan ne abin ya faɗo mini. Wata da watanni muna ta fama kada ta mutu, amma ba wanda ya bar mata abin da za ta tashi dominsa. Adda ta karɓi girki, yara sun karɓi shara da wanki, ni na karɓi cefane, yau kuma an zo an ɗauki na ƙarshe. Mun raba gadonta tana kwance tana jinmu.

Tun da na auri ƙanwarta ban taɓa musa wa Adda magana ba. Na same ta tana wanke kwanoni, na tsuguna nesa kaɗan.

"Adda, ina so a dawo da kaskon nan."

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "A dawo da shi a yi me?"

"A yi suyar a nan, a gabanta."

"Kai tela, rashin aiki ne ya fara taɓa ka? Hayaƙi fa? Hayaniya fa? In tansiyon ya tashi, da keken ɗinkinka za ka sauke shi?"

Na ce, "Adda, jiya ta tambaye ni ko ta mutu."

Hannunta ya tsaya cikin ruwan wanke-wanke. Da ta buɗe baki muryarta ta sauka. "In wani abu ya same ta, ba zan yafe maka ba."

"Na ji."

"Kuma ko tsoka ɗaya ba za ta haɗiye ba."

Kada ku ɗauka ni ban ji tsoro ba. Sai da na kira kine a waya na gaya mata. Ta tambaya ko ta sha maganin safe, na ce ta sha. Ta ce a zaunar da ita inda iska ba ta kai hayaƙi, in ta ce kanta na ciwo a mayar da ita ɗaki nan take. Sannan ta ce, "Baaba, je ka, kada ka tsaya."

Namiji ba ya shiga wajen suyar mata, don haka da na yi sallama a gidan Goggo sai wurin ya ɗauki shewa.

"Yau tela ya ɓata hanya!"

"Ko aunmu ka zo yi? Sallah ai ta wuce!"

'Yar Poli ta ce, "Ku bar shi, ƙamshi ne ya jawo shi. A ba shi ƙashi ya tafi."

Goggo tana zaune a kan kujera 'yar tsugune da matsami a hannu. Ta ce da Fulatanci, "Jam na, ɓingel am? Lafiya, ɗana? Ko jikin ne?" Na tsuguna kusa da ita na faɗa mata duk abin da ya faru, tun daga tambayar jiya har zuwa ƙarar zobe.

Goggo ta ce, "Mu da muka ce mu hutar da ita."

Na ce, "Hutun ne yake cinye ta, Goggo."

Wata ta ce ai an riga an hura wuta, kitse ya narke, har an kwashe kaskon farko, wa zai ɗauki tafasasshen mai ya bi layi da shi? Goggo ba ta ko kalle ta ba. Ta sa aka janye itace, aka kwashe man da ludayi aka zuba a tukwane, aka zura taɓarya ta cikin zoben biyu. Ni na kama gaba, 'yar Poli ta kama baya, tana ce mini in na ƙona ta sai na yi mata ɗinkin shekara kyauta. Sauran suka biyo mu da robobin nama a ka, wata ta ɗebo garwashi a kan guntun kwano. Maza da ke zaune a bakin layi suka bi ni da kallo, wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, an canza sana'a ne?" Ban tanka ba, kaskon ya fi ƙarfin magana.

Na ɗauka da an sauke shi a kan murhu an gama. Ashe da saura. Na shiga na gaya mata an dawo da shi, mata suna jiranta, sai ta ja mayafi ta rufe bakinta.

"Kada su gan ni haka."

"Ai jiya sun gan ki."

"A kwance. A duhu." Ta juya bango.

Na tsaya kamar an dasa ni. Na sa an kwaso wuta da nama an bi layi, na saɓa wa Adda, ga shi abin zai tashi a banza. Sai ga Goggo ta banko labule ba ko sallama, da muryarta ta kullum, irin wadda ake ji daga bakin titi.

"Ke! Rana ta take kina kwance kamar amarya? Ungo, duba mini wannan."

Soyayyiyar tsoka ce, da zafinta. Adda ta biyo ta da sauri tana cewa ba za ta ci ba. Goggo ta ce, "Wa ya ce ta ci? Cewa na yi ta duba." Ta danƙa mata a hannun dama.

Maman yara ta daɗe riƙe da naman. Sai na ga babban yatsanta ya danna shi. Ta kai hanci. Ta sa farce ta ɓare shi biyu, ta duba cikin. Fuskarta ta canza, irin canjin da na sani tun da, wanda in ta yi shi yara suke neman wurin ɓuya.

"Wa ya sa wuta haka?"

"Oho."

"Waje ya ƙone. Ciki da ruwa. Wannan ba zai yi mako ba."

Goggo ta ce, "To ni na sani? Mai abin ta kwanta ta bar mu. Haka za mu soya sauran, in ya ruɓe a zubar."

Maman yara ta sake duban tsokar. Can ta ce, "Malam, ɗauko mini riga." Na miƙo wadda ke rataye. Ta ce, "Ba wannan ba. Ta akwati."

Adda ta sa mata rigar, ta ɗaura mata kallabi. Muka ɗora ta a kujerar roba, ni da Adda muka ɗauko ta. Da muka fito haske sai matan suka yi cirko-cirko, kowa ta rasa inda za ta sa idonta. Na ga hannunta ya fara tafiya wajen mayafi. A raina na ce shi ke nan, za ta ce a mayar da ita. Sai 'yar Poli ta buga cinya ta ce, "Shef ta iso, shugabar suya ta iso! Yau mun shiga uku, duk wadda ta yi ha'inci za a kama ta. Barka da Sallah, shef!" Wata ta rangaɗa guɗa. Daga ko'ina sai barka da Sallah, barka da Sallah. Hannun ya sauka.

"Ku janye itace biyu," in ji Maman yara.

Daga nan aiki ya koma hannunta. Maganar tana fita da ƙyar, don haka in ta buɗe baki sai kowa ya yi shiru a ji, in ta gama hayaniya ta dawo. Ta sa aka ƙara yanka naman ƙanana. Ta hana a juya shi kafin ruwansa ya ƙone. Gishiri sai an zuba a tafin hannu an nuna mata. Ni aka mayar ɗan aiken itace, kuma da yake itacen ya sha damina sai hayaƙi yake yi. Na durƙusa ina hurawa, ido na hawaye, sai na ji ta ce a gaban kowa, "Malam, ba haka ake hura wuta ba. Toka kake ci." Matan suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wallahi ban taɓa jin daɗin an yi mini dariya kamar ranar ba.

A ranar ne na ga abin da ake yi a gidana shekara da shekaru ina barci ko ina shago. Akwai wata kwalla da ake ajiyewa bayan rumfa, a rufe. Duk wadda aka kwashe wa namanta sai ta zagaya kamar za ta wanke hannu, ta jefa wani abu a ciki. Ba a magana a kai, ba a kallon mai zubawa. Na tambayi Goggo a hankali, ta ce ta gidajen da ba su samu yin layya ba ce, kuma Maman yara ce ta fara al'adar, ita ce kuma ta san inda ake kaiwa. Da kwallar ta cika na ga Goggo ta tura ta wajen ɗakinmu da ƙafa. Maman yara ta gani. Sai ta ce, "A raba biyu. Akwai gidan mai gadin layi, su ma ba su yanka ba."

Wajen azahar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya matso ƙarƙashin rumfa, aka cunkushe, ruwa na dukan kwano ba mai jin wani. Kasko na ƙarshe yana kan wuta. Na ga tana miƙa wuya tana leƙe, daga kujerar ba ta hango cikinsa. Ta ce a ba ta matsami, aka ba ta. Ta miƙa, bai kai ba. Ta sake miƙawa. Sai ta dube ni, ta dubi Adda.

"Ku ɗaga ni."

Adda ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Ta kama ta ta hagu, na kama ta dama. Muka ɗaga. Da farko duk nauyinta a kanmu yake. Sai na ji ya fara raguwa a hannuna, na duba ƙasa, na ga ƙafar nan da ta ƙi taka ƙasa wata da watanni ta dafe, tana rawa, amma ta dafe. Ta zura matsamin ta juya naman, ta ɗago tsoka ɗaya ta duba, ta ce, "Ya yi. A kwashe." Muka mayar da ita kujera, gumi ya jiƙa mata kallabi. Sai ta yi dariya, da karkataccen bakin nata, a buɗe, ba ta rufe ba. Adda tana kuka tana ce mini, "Mai taurin kai kawai. Da ka kashe mini ita fa?"

Ba zan ce muku ta warke a ranar ba, don ƙarya ne. Kwana biyu ta yi tana barcin gajiya. Amma zuwan kine na gaba, a bakin gado ta same ta zaune, hannunta a kan gora, tana ce mata ta makara. Bayan nan an sha wuya. Ta faɗi, ta yi kuka, ta yi fushi da mu duka, akwai ranakun da "to" ɗin nan ya dawo. Sai dai bai ƙara zama ba. Babbar Sallar da ta biyo, da sanda ta taka daga ɗaki zuwa rumfa, ba wanda ya riƙe ta.

Na taɓa tambayar Goggo ko da gangan ta ƙona naman nan. Ta ce, "Ni da nake suya tun uwarka tana goyonka? Je ka yi ɗinkinka." Har Allah ya karɓi ranta ba ta ƙara mini bayani ba.

Yanzu ina daina karɓar ɗinki tun Sallah da sauran lokaci. Wasu sun yi fushi sun tafi, na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ranar idi ina gida ido biyu, washegari kuma ni ne mai itace, kuma an ce na ɗan iya hura wuta. Da, na ɗauka Sallah ita ce rago da sabon yadi, in babu su babu ita. Yanzu na san Sallah ita ce mutum ya duba ya ga wurinsa yana nan a cikin mutane, ana jiransa, ana bukatarsa. Na kuma koyi cewa jinya ba ta ƙare a magani da sauke murya ba. In kana da marar lafiya, ka tambaye shi kafin ka hutar da shi, kuma ka bar masa wani abu da ba mai yi sai shi.

Mutane sukan ce mini ciwon nan ya yi mana ɓarna. Nakan zauna in ƙirga. Hannunta na hagu bai dawo ba. Karatun Alƙur'ani da take yi da murya bayan asuba, yanzu a zuci take yi. Keken ɗinki ɗaya. 'Yan kunnenta na aure da muka sayar. Layyar shekara biyu. Alhamdu lillahi, iyakar abin da muka rasa ke nan.